Maganar Canjin Kuɗi: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Ya ku 'yan'uwa na rassa, ku da ke Maraɗi da Damagaram da Tawa da Ƙwanni da Yamai, da ku na ƙananan kasuwanni! Akwai wata magana da ta daɗe tana cin mu, kowa yana yin ta a tashar mota da bakin rumfa, amma ba a taɓa zaunawa an warware ta ba. Ita ce maganar canjin kuɗi, watau abin da ke samun aljihun talaka ran da ya sa ƙafa ya ƙetare iyaka. Muna so a karanta wannan takarda a gaban jama'a, da ƙarfi, yadda wanda bai yi boko ba zai ji.

Ku ɗauki mutumin Maraɗi da ya ɗaura jikka ɗari a ƙugu zai tafi Kano sayen atamfa a Kantin Kwari. Daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa kuɗinsa kuɗi ne. Da ya wuce duwan ya shiga Jibiya, mai shayi ma sai ya juya takardar ya ce a kawo naira. Dole ya nemi ɗan canji. To, a ce bayan an ƙirga masa naira sai aka yi masa waya cewa an yi rasuwa a gida, ya fasa tafiya, ya miƙa wa wannan ɗan canjin nairar nan tasa, ko lanƙwasa ta bai yi ba. Zai samu jikkarsa ɗari? Ba zai samu ba. Domin ɗan canji farashi biyu gare shi, na saye da na sayarwa, kuma ɗan ramin da ke tsakaninsu nan abincinsa yake. Mutumin nan bai sayi allura ba, bai sha ruwan kowa ba, amma kuɗinsa ya rame. In mai tafiya kowane mako ne, sau biyu zai faɗa ramin nan, da zuwa da dawowa, har shekara ta zagayo. Makiyayin da ya kai raguna kasuwar Illela ko Mai'aduwa, da mai albasar Galmi, da mai wake, da yaron da ya je ci-rani ya kwana wata shida a rumfar wani, da tsohuwar da aka kai asibiti Katsina, duk cikin ramin nan suke bi.

In ka tambayi jama'a wa ya ci kuɗin, sai su ce ɗan canji. Mu kuwa mun ce a dakata.

Ba mu ce dukansu waliyyai ne ba. Mun san mai saurin hannu, wanda zai ƙirga maka goma ka je gida ka tarar da tara. Mun san mai cusa jabu a tsakiyar damin. Mun san wanda in ya ga dare ya yi maka a tasha, mota tana shirin tashi, sai ya rage farashi don ya san ba ka da zaɓi, da wanda zai ce takardarka ta tsufa ko ta yage sai an cire wani abu, alhali gobe shi zai ba wani ita a cikakken kuɗi. Har da masu ruɗa baƙauye da lissafi, tun da mu da dala muke ƙirge, sefa biyar biyar, kuma jikkarmu sefa dubu ce, su kuwa mutanen Najeriya in sun ce jaka naira ɗari biyu suke nufi. Irin waɗannan a tona su, kuma 'yan'uwansu masu sana'ar su ya kamata su fara tona su.

Amma ku dubi sauran. Mutum ne zaune kan benci da jakar kuɗi tsakanin ƙafafunsa, ba shi da ɗan sanda mai gadinsa, ba shi da inshora. In ya kwana da naira ta faɗi cikin dare, shi ya yi hasara. In 'yan fashi sun tare hanya, shi suke nema. Farashin da yake gaya maka ma ba shi ya yanke ba, daga Wapa ta Kano ake bugo masa shi a waya, su kuma na Wapa suna kallon yadda dalar Amurka ta kwana a Legas. Kuma shi ne wanda za ka ba sefa a Maraɗi, ka tafi hannu wofi, ka karɓi naira a Kano wurin abokinsa bisa kalma ɗaya, ba takarda ba sa hannu. Wane banki ne ya taɓa yi wa mai tunkiya uku wannan? Ka shiga banki da naira a hannu ka ce a ba ka sefa, ka ga irin kallon da za a yi maka. Ɗan canji ya tarar da rami ne ya ɗora gada yana karɓar kuɗin ƙetarawa. Abin tambaya shi ne wa ya haƙa ramin.

Kakanninmu ba su san wannan abu ba. Wurin da aka sayi goro da shi a Kano, da shi ake sayen gishiri a Damagaram, da shi ake biyan sadaki a Gobir. Dalar azurfa mai kan mace, wadda har yau sunanta muke kiran sefa biyar da shi, tana tafiya daga nan har Bahar Maliya ba mai tambayarta fasfo. Sai Ingila da Faransa suka zauna a garuruwansu, a 1890 da 1898 da 1904 da 1906, suka ja layi a kan takarda, suka raba Katsina da Maraɗi, suka raba Daura da Magarya, suka raba wa da ƙane. Kudu da layin aka kawo fam da sule da kwabo, arewa da shi aka kawo tamma da dala. Ran 26 ga Disamba 1945 Faransa ta ƙago sefa, kuma haruffan nan uku na sunanta, a ranar da aka raɗa shi, ma'anarsu ita ce kuɗin ƙasashen da Faransa ta mallaka a Afirka. Daga baya an sake wa haruffan fassara, amma haruffan suna nan a kan kowace takarda da ke aljihunku. Najeriya kuma ta bar fam ta kama naira ran 1 ga Janairu 1973. Tun daga nan Bahaushe ya zama baƙo a kasuwar ɗan'uwansa, yana biyan kuɗi don a fassara masa kuɗinsa, a wurin da ba ya bukatar tafinta.

Ɗan abin da ɗan canji ke cirewa kuwa, wallahi wasa ne in an gwada shi da abin da manya ke cirewa da alƙalami cikin dare ɗaya. Dattawanku suna raye, ku tambaye su.

A watan Afrilu 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sake launin takardun naira, ta ba da 'yan kwanaki kaɗan a kawo tsofaffi, sa'an nan ta rufe iyakokin ƙasa don kada kuɗin da ke waje ya dawo. Kuɗin da ke waje kuwa a hannun wa yake? Yana cikin akwatunan fataken Maraɗi da Ƙwanni, da tukwanen matan da suka sayar da awaki. Mutane suka wayi gari da takardu masu kyau waɗanda ba su sayen ko ashana. Iyakar ba ta buɗe ba sai 1986, ga fari ya zo a kan haka, har mutanenmu suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan mai rufe iyakar.

Kada wani ya ce ai laifin naira ne, mu namu kuɗin ba ya haka. Shekara goma bayan wannan, ran 11 ga Janairu 1994, aka tara shugabannin ƙasashen sefa a Dakar, ga ministan Faransa Michel Roussin, ga Michel Camdessus shugaban Asusun Lamuni na Duniya. Da gari ya waye, faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100. Rabi! Manomin gujiya da ya yi shekara bakwai yana tara guzurin Makka ya kwanta da kuɗin kujera, ya tashi da kuɗin rabin kujera. Ba wanda ya shiga ɗakinsa, ƙofarsa a kulle take. Shin akwai ɗan canjin da ya taɓa cire wa mutum rabi? Da an yi masa dukan kawo wuƙa a tsakiyar kasuwa. Waɗanda suka yi wannan kuwa jirgi suka hau suka koma gida.

Wanda ya ce wannan tsohon labari ne, to ga na jiya. A watan Oktoba 2022 babban bankin Najeriya ya ce zai sake takardun naira 200 da 500 da 1000, ya sa 31 ga Janairu 2023 ranar ƙarshe, ya ƙara kwana goma. Ɗan Najeriya da kansa sai da ya sayi nairarsa da naira wurin masu na'urar cire kuɗi, balle namu da ba shi da asusu a wani banki can. Wasu suka zubar da tsofaffin takardu a farashin banza don tsoro, sai ga Kotun Ƙoli a watan Maris ta ce tsofaffin suna nan da ransu. Wanda ya sayar da arha ya riga ya sayar. Bayan wata uku aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, ta yi ta gangarawa. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi sefa 300 a farashin hukuma. A 2024 sefa ɗaya ta fi naira biyu.

A nan muna da magana da waɗanda ke tafa hannu in naira ta faɗi, suna cewa kaya sun yi arha a Kano. Haba 'yan'uwa! Shanunmu wa ke saye? Wakenmu ina yake tafiya? Yaranmu da ke ci-rani da wane kuɗi ake biyansu? Mai sayen taliya da atamfa ya ci riba, gaskiya ne, amma makiyayi ya sayar da bijimi ya dawo da kuɗin maraƙi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ba dariya ake yi ba.

Yanzu ku saurari abin da ya fi ba mu kunya. Ɗaya daga cikinmu ya taɓa tafiya Cadi. Ya sauka Injamena da yunwa, ya ci abinci, ya miƙa jikka biyar. Mai abinci ta duba ta mayar masa, ta ce wannan ba kuɗin nan ba ne. Ya ce ba sefa ba ce? Ta ce sefa ce, amma ba tasu ba. Sai da ya bar jakarsa jingina ya je kasuwa ya canja sefa da sefa, kuma aka cire masa wani abu a kai. Ku ji fa: sefa iri biyu ce. Akwai tamu ta ƙasashe takwas, wadda bankin BCEAO na Dakar ke fitarwa, akwai ta ƙasashe shida, su Cadi da Kamaru da Gabon, wadda bankin BEAC na Yawunde ke fitarwa. Darajarsu ɗaya ce daidai wa daida, kowace 655.957 take a Yuro ɗaya tun 1999. A ƙasa ɗaya ake buga su, ƙasar Faransa. Amma tun 1993 bankunan nan biyu suka daina karɓar takardun da suka fita yankinsu, har yau ba su koma ba. Kuɗin nan biyu sun san hanyar Paris, ba su san hanyar gidan juna ba. Mutumin Difa da ke hango Cadi daga bakin tafki, shi ke biyan kuɗin wannan gaba. Ina laifin ɗan canji a nan?

Haka alhaji. In ya isa ƙasa mai tsarki riyal ake so, riyal kuwa ɗaure yake da dalar Amurka (ba tamu ta sefa biyar ba), riyal 3.75 a dala ɗaya tun 1986. Sefarsa kuma ɗaure take da Yuro. Saboda haka guzurinsa sai ya bi ta hannun baƙi biyu kafin ya zama kuɗin abinci a Makka, kowane hannu kuwa yana lasar yatsa. In Yuro da dala suna kokawa, shi ke shan ƙasa. A watan Yuli 2008 dalar Amurka ba ta kai sefa 420 ba. A watan Satumba 2022, bayan yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukiren, ta haura 670. Tsohon da ke Tasawa bai san inda Yukiren take ba, amma ita ta rage masa kuɗin hadaya.

Mun san amsar da masu kwat da lakatai za su ba mu, mun sha jin ta a rediyo. Za su ce sefa kuɗi ne mai ƙarfi, ku dubi naira, ku dubi sidin Gana da sai da aka goge masa sifiri huɗu a 2007, ku gode Allah. Za su ce Gine ta fita ran 1 ga Maris 1960 ta sha wuya, Mali ta fita a 1962 ta dawo a 1984 da kanta. Ba mu ƙaryata su ba, haka aka yi. Sai dai kullum suna mantawa da Muritaniya, wadda ta fita a 1973 ta yi kuɗinta ugiya, kuma ba ta dawo ba, sama kuwa ba ta faɗo mata ba. Za su ce an yi gyara: a watan Disamba 2019 a Abijan, Ouattara da Macron sun sanar cewa an daina ajiye rabin kuɗin ajiyarmu a baitulmalin Faransa, kuma wakilanta sun fita daga majalisun banki. An yi wannan, mun yarda. Amma igiyar Yuro tana nan, sunan Eko da aka yi alkawari bai hau kan takarda ba, aka ɗaga shi zuwa 2027. Kuma ƙarfin da suke faɗi mun ga iyakarsa a 2023. Da CEDEAO da ƙungiyar ƙasashen sefa suka sa wa Nijar takunkumi ran 30 ga Yuli, bankin Dakar ya kama asusun gwamnati, kuɗi ya yi wuya a bankunan Yamai, mutum ya yi layi don a tsakura masa nasa na kansa, har zuwa Fabrairu 2024. Kowane ra'ayi mutum ke da shi game da juyin mulkin, ya dai ga cewa makullin rumbunsa a wani gari yake kwana.

Amma kada 'yan'uwa su ɗauka muna cewa a buga kuɗi gobe da safe a sa masa suna mai daɗi, shi ke nan an gama. Wasu cikinmu haka suke magana, kuma muna gaya musu gaskiya ba mu tare da su. Naira kuɗin 'yan ƙasa ce, ba Bature ya faɗar da ita ba. Kuɗin da gwamnati za ta riƙa bugawa duk ran da albashi ya gagara, ya fi sefa cutar matafiyi, domin ita sefa ko banza ana son ta a Wapa. In Nijar ta yi nata, Mali ta yi nata, Burkina ta yi nata, ba a shirya yadda za su gaisa da juna da naira ba, to mun ƙara ramuka uku ne a kan hanyar talaka, kuma bencin 'yan canji zai ƙara tsawo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya zo muku da zancen sabon kuɗi, ko ɗan jam'iyyarmu ne, ku tambaye shi abu ɗaya: in na kai rago Jibiya, nawa zan dawo da shi gida, kuma wa zai tsaya mini in an sake launin takarda? In ya fara zancen tuta da taken ƙasa, ku sake tambayarsa.

Abin da muke nema ba ya bukatar jiran 2027. Bankin Dakar da na Yawunde su koma karɓar takardun juna kamar yadda suke yi kafin 1993, tun da su da bakinsu suka ce darajar ɗaya ce. Hukumominmu su zauna da na Najeriya a buɗe wurin canji na halal a Ɗan Isa da Ƙwanni da Magarya da Gaya, inda mai jikka goma zai shiga ba a tambaye shi takardar kamfani ba, kuma a sa 'yan canjin da muka sani a ciki, kada a kore su a kawo 'ya'yan manya. An ce a watan Janairu 2022 an ƙaddamar da wani tsari a Akara, PAPSS, wanda zai sa ɗan Afirka ya biya ɗan Afirka da kuɗin gida ba sai an bi ta dala ba. Madalla. Muna jiran ranar da zai sauko daga bene ya iso kasuwar dabbobi. Sa'an nan a yi yarjejeniya a rubuce cewa duk ƙasar da za ta sake takardun kuɗinta, za ta ba maƙwabta wa'adi da wurin da za su kai tsofaffi, kada a maimaita mana 1984 karo na uku.

Kafin manya su motsa, ga aikin rassa. Kowace ranar kasuwa, Litinin da Juma'a a Maraɗi, Laraba a Ƙwanni, Alhamis a Damagaram, Lahadi a Tawa, magatakardan reshe ya zaga wurin 'yan canji uku da hantsi, ya tambayi nawa suke sayen jikka, nawa suke sayar da ita. Ya rubuta duka biyun a allo da manyan lambobi, na boko da na ajami, cikin lissafin dala da na naira, a rataye shi a bakin tasha inda mai shiga mota zai gani. Ku yi wa 'yan canji bayani tukuna cikin mutunci, masu gaskiyar cikinsu za su taimake ku. A sa yaro ɗaya mai ido ya zauna kusa da allon don tsofaffi da mata masu son a sake ƙirga musu. Lambobin kowane mako kuma a kwafe su a littafi da kwanan wata, a aiko mana da su ƙarshen wata ta hannun direbobinmu, tare da sunan kasuwar.